Yaya, Wa Ya Koya Miki Gaida Gero?

Zuwa ga yayata Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayarta, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Matameye lafiya lau muke. Damina ta makara bana, amma ta zo. Wata tara ke nan da rabuwarmu. Kin san ni da rubutu, a aji shida na tsaya a lakwal, sai ki yi haƙuri da inda bai daidaita ba. Ƴata Fati ce za ta sa wannan a salula, saboda tsofaffin ƴan matanki, waɗanda aure da karatu suka watsa, suna ta tambayata yadda ƙungiyarki ta kwana.

Tambayoyi gare ni, Yaya. Su suka zaunar da ni.

Kwana biyu da ba da bakans, wato babban hutun makaranta, ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji sallama. Ƴan matanki ne, su goma sha takwas, sun cika zaure har waje. Barira ce a gaba, wannan mai bakin da kike cewa ko rediyo ta gan ta sai ta yi shiru. Ta ajiye gwangwanin madarar nan naku na asusu a gabana, ta ce, "Tanti Mairo, ke kika rage mana." Sai kuka ya ƙwace mini. Su kuma suka ɗauka na yarda.

Shekara goma sha biyu kina tara su a gindin darbejiyar ƙofar gidanki duk babban hutu. Ni dai daga nesa nake gani. Na san kuna ɗinki, kuna maimaita karatu, kuna sana'a ranar kasuwa, ƙarshen hutu ku ɗauki mota ku tafi ganin wani wuri. Kun je Kance, kun je lambunan rake, kun je Dawce wurin masu saƙar tabarma. Bara kika yi musu alkawarin Damagaram, su ga duwatsun nan da ake faɗi, su ga jami'a inda mata ke karatu. Alkawarin nan shi suka kawo mini tare da gwangwanin.

Wajen sana'a ban ba ki kunya ba. Da sassafe su tafi bayan gari su tsinko tafasa, mu dafa, mu kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Wasu su dafa gyaɗa. Sa'adiya ƴar gidan Ila ita ce mai awara. Kin san ta, wadda mahaifiyarta ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ta bar mata girkin gida tun tana ƴar ƙarama. Yarinyar nan takan gama aikin gidansu, ta kai wa ubanta abinci gona, ta dawo da gudu ta zauna bakin kasko. Mai ya fallatsar mata a hannu, ta shafa gishiri ta ci gaba. Ba ta da magana, amma kullum sai ta tambaye ni, "Tanti, wai da gaske ne dutsen ya fi gidan sama tsawo?" Ni ma ban sani ba.

To ga inda na yi wauta.

Kin tuna faɗan da nake yi miki duk shekara? Yara su tambaye ki ranar tafiya, ki ce, "Bari in je in gaida gero tukuna." Da la'asar ki yafa mayafi ki bi hanyar Kurni, ki dawo da ƙafa duk laka, ki ce musu ba yanzu ba. Sai ana saura kwana uku ki faɗi rana. Nakan ce miki wannan ai rashin tsari ne, mace mai ilimi kamarki ta riƙa yi wa yara wasa da hankali. Ki yi dariya ki ce, "Mairo, ke dai sha shayinki." Na ɗauka gaida geron nan wata zolaya ce taki.

Don haka da abin ya zo hannuna, na ce bana za a ga tsari. Da gwangwani ya yi nauyi na je tasha na sami direba, muka tsayar da rana. Barira ta rubuta takarda da faransanci mai kyau, kowace yarinya ta kwafa a kayyenta, littafin rubutunta, ta yage, a kai wa uba ya sa hannu. Na koma gida ina jin kaina kamar wata madam.

Takardun nan suka riƙa dawowa ba sa hannu. Wata da tabon miya, wata a jiƙe. Ba wanda ya ce a'a, Yaya. Kowa sai ya ce, "A gaida Tanti, sai mun gani." Huɗu kaɗai aka sa wa hannu, duk ƴaƴan ma'aikata da ƴan kasuwa. Ta Sa'adiya ko buɗe ta ba a yi ba. Ta miƙo mini ita a ninke, ta ce, "Ba komai Tanti, su je su ba ni labari." Ta koma bakin kaskonta ta ci gaba da suya, don tafiyar da ba za ta je ba.

Na yi fushi. Na ce a raina, wato don Rakiya ba ta nan ne. Ni ba kowa ba ce, ban yi karatu ba, shi ya sa ba za su ba ni ƴaƴansu ba. Har na ji haushinki kaɗan, ki yafe mini.

Da wannan fushin na shiga wurin Iya Haju mai daddawa, maƙwabciyarki. Na zazzage mata komai. Tsohuwar nan ta bar ni na gama, sannan ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke ƴar nan, yaushe rabonki da gona?" Na ce tun ina budurwa, mijina ai tela ne. Ta ce, "Shi ya sa. Ruwa ya makara, ciyawa ta taso gaba ɗaya, maza sun dawo daga cirani suna noman farko kamar za su mutu a kai. Ke kuma kika ce a ba ki yaran da ke kai musu abinci. In yarinya ta tafi Damagaram, ubanta takardarki zai ci da azahar?"

Ashe gaisuwar geron ke nan. Zuwa kike ki ga wa ya gama noman farko, wa ya shiga maimai, wa ya kusa rataye hauya. Ba kalanda kike kallo ba.

Ina zaune, sai ta ƙara da wata. Ta ce, "Furar nan da kike damawa duk ranar tafiyarsu, wa kike tsammani ke sha?"

Yaya, kin tuna. Duk shekara ana gobe za ku tafi, sai ki aiko mini da gero tiya uku da kuɗin nono, ki ce, "Ki dama da yawa, za a zo ɗauka." In daka, in kirɓa, in dama, ina mita. Da hantsi Iya Haju da marigayiya Inna Tabawa su zo da ƙore su ɗiba su tafi. Na ɗauka sadaka ce don Allah ya kiyaye hanya. Shekara goma sha biyu ban taɓa tambayar ƙoren nan ina suka nufa ba.

Ashe gonaki suke zuwa. Ko an gama maimai, ba a rasa gida biyu ko uku da aikinsu ya yi baya, kuma ba su da mai kai abinci sai yarinyar. Waɗannan gidajen kike ciyarwa ranar, don ƴarsu ta shiga mota tare da sauran. Ba ki taɓa roƙon uba ya bar ƴarsa ba. Sai dai ki aika wa kakarta ko gwaggonta cewa ranar kaza kada a damu da abincin gona.

Ga tambayoyina. Wa ya koya miki wannan? Innarmu ba ta yi ba, a lakwal kuma na san ba a koyarwa. Shekarar farko kin yi irin kuskurena ne, kika ɓoye? Me ya sa ba ki gaya mini ba? Kin ji tsoron bakina, kada in je ina faɗa a gari in kunyata mutane? In haka ne kin yi daidai, da na faɗa. Ko kuwa kin ɗauka akwai sauran lokaci?

Na koma tasha na ce wa direba an ɗaga. Ya ce, "Haba Hajiya, ku mata kullum sai an ɗaga." Na ce masa ban je Makka ba tukuna, kuma in ya ƙara magana zan nemi wani.

Daga ranar na fara bin hanyar Kurni da la'asar. Ranar farko ban gane komai ba, duk kore nake gani. Kunya ta hana ni tambaya. A hankali ido ya buɗe. Na fara gane gonar da aka share da wadda ciyawa ta shaƙe, na san ta wane ce wannan, ta wane ce waccan. Mutane suka riƙa ɗago kai suna cewa, "Sannu ƙanwar Tanti." Wani tsoho ya ce tafiyarmu iri ɗaya ce. Na wuce shi da sauri don kada ya ga idona.

Sati uku muka jira. Yara suka gaji, tafasa ta tsufa ta yi ɗaci, muka koma zogale. Barira ta ce, "Tanti Mairo ma ta kamu da ciwon gaida gero." Na kai mata duka da ludayi ta kauce.

Da na ga yawanci sun rataye hauya, na shiga gida gida ba takarda. Na gaida tsofaffi, na sha ruwa, na faɗi rana a cikin hira. Ba wanda ya ce sai mun gani. Gida uku suka rage masu aiki. Biyu na kusa da gari, maƙwabta suka ce za su miƙa musu. Na ukun gonar Ila ce. Ya dawo daga Fatakwal a makare, shukarsa ta farko ta ƙone, ya sake wata, gonar kuma can take da nisa. Inna Tabawa ta rasu, gwiwar Iya Haju ba ta kai ta ko bakin titi yanzu. Ga mai damawa, babu mai ɗauka.

Na riga na ɗinka sabuwar atamfa don tafiyar nan. Kin san sau ɗaya na taɓa zuwa Damagaram, lokacin da muka kai ki likita. Kwana tara, ban ga komai ba sai bango da fuskarki. Ina so in ga garin da ido ba hawaye. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina kuma tsoron hanyar, don na san kowace kwana da muka tsaya muka gyara miki kwanciya. Har yau ban san wanne ya fi ƙarfi ba, tausayin Sa'adiya ko tsorona. Na roƙi Madam Zara ta lakwal ta raka su, ta yarda. Na aika wa gwaggon Sa'adiya cewa ranar kada a damu da abincin gona.

Da safe suka cika mota da waƙa da ƙullin awara. Sa'adiya ta zauna bakin taga, tana ta waiwaye kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Da rana ta take na ɗora ƙwarya a kai na kama hanya. Yaya, yaran nan suna shan wuya. Tafiyar da na yi sau ɗaya wuyana ya kwana biyu yana ciwo, ita Sa'adiya ke yi kullum ta dawo ta soya awara. Na tarar da Ila shi kaɗai a tsakiyar gona. Ya karɓa, ya zauna gindin gawo, ya kurɓa, sai ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Ashe ke ce." Na ce ni ce me? Ya ce, "Mai kanumfarin nan. Shekara huɗu ina shan furar nan harshena na mutuwa. Na ɗauka Tanti Rakiya ce, ina jin nauyin in yi magana." Na ce masa to ya kawo in mayar. Ya rungume ƙwaryar ya ce ai bai ce ba daɗi ba.

Da ya gama sai ya ce, "Yayarki ba ta taɓa sa ni na ce ba ni da mai kawo mini abinci ba. Allah ya jiƙanta." Ya ɗauki hauyarsa. Ni ma na ɗauki ƙwaryata.

Kafin magariba motar ta dawo. Na tsaya a tasha da sauran iyaye. Barira tun ba ta sauko ba take ba da labari ta taga, wai sun ga ɗaliba ƴar Dawce tana tuƙa babur da littattafai a bayanta. Sa'adiya ce ta sauko ƙarshe. Ba ta ce dutse ba, ba ta ce jami'a ba. Ta zo daf da ni ta ce a hankali, "Tanti, Baba ya ci abinci?"

Na ce ya sha ya ƙoshi, har ya sami ƙarfin yi mini tsiya.

Sai yarinyar nan ta saki dariya, irin wadda ban taɓa ji a bakinta ba, ta kama hannuna ta fara zuba. Tun daga tasha har ƙofar gidansu ba ta numfasa ba. Da kin ji ta, Yaya. Ashe ta fi Barira baki.

Ya Allah ka gafarta wa Rakiya, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Duk cikin da ta ciyar a ɓoye, ka sa ya zama shaida gare ta a ranar da ba a ɓoye komai. Ka raya ƴan matan nan cikin mutunci, ka ba iyayensu amfanin gona mai albarka. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka haɗa ni da ita, don ina da sauran tambayoyi.

Taki har kullum,
ƙanwarki Mairo