Layar da Ta Hana Hannun Mota Tashi

Daga ƙanenki Ila maƙeri a Tanut, zuwa ga yayata Kaltuma a Katsina. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sauwaƙe miki ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. An gama girbin hatsi a Gangara, kuma Raishatu matar ɗanki Mato cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

Yaya, maganar Mato ce ta sa na rubuto, gara ki ji daga bakina. Kin san yana tuƙa motar wani Nasara mai auna hanya. To motar tana da ɗan hannu na ƙarfe a kowane gefe, mai fitila a ciki, wanda yake ɗagawa idan za a karya kwana. Ni dai ban san wa ake nuna wa ba a dajin Damargu, ko raƙuma ne. Amma Nasaran yana ji da abin nan kamar ɗan fari. Da suka iso Tanut na hagu ya ƙi tashi. Nasara ya rantse Mato ne ya yi masa taɓe-taɓe, ya ce in Juma'a ta yi bai gyaru ba, zai karɓe motar ya tura shi fasa dutse a hanya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce muddin ina numfashi ba za a mai da ɗan yayata mai fasa dutse ba, matarsa na dab da haihuwa.

Lokacin da nake ƙera wa motoci ƙarafa a Damagaram na koyi abu ɗaya: wutar mota takan tafi ta waya, ta komo ta jikin ƙarfe. Da shi na kama aiki. Manyan fitilu suna kamawa, ashe batir lafiyarsa ƙalau. Na cire ƙwan fitilar hagu na sa a dama, ya kama. Na goga bakin wayar a ƙarfe, ta yi tartsatsi. Ke nan wuta tana zuwa, hanyar komawa ce ta toshe. Kwana biyu ina rarrafe a ƙarƙashin mota ina bin waya kamar mai bin sawun akuya, maƙera ƴan'uwana suna min dariya wai na bar zuga na koma kwanciya.

Ran Alhamis da hantsi na kai ga notin da ya ɗaure wayar a jikin ƙarfe. Me zan gani? Igiyar fata an naɗe ta a ƙarƙashinsa an ɗaure tamau, ga laya tana reto. Na gane ɗinkin nan take, layar da kika ba shi ce ta tsarin hanya! Mato ya sunkuyar da kai, ya ce kin ce kada ta rabu da motar, shi kuwa ya ga babu inda ya kai notin nan ƙarfi. Fatar ce ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na zare ta, na kankare wurin, na ɗaure, hannu ya tashi.

Mato ya ce shi fa ba zai tuƙa ba sai da layar uwarsa, ni ma ban so a cire ta ba. Na ƙera mata ɗan ƙugiya a ƙarƙashin kujerarsa, nesa da kowace waya. Da Nasara ya tambayi abin da ya lalace, na ce fatar akuya ce ta shiga inda ba wurinta ba. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi sunan kowa ba.

Ran Juma'a suka kama hanyar Damagaram, Mato ne a gaba yana tuƙi. Da suka kai kwanar bayan kasuwa, hannun hagu ya ɗaga, fitilarsa ta kama. Ba kowa a wurin sai ni da jakuna biyu, amma wallahi sai da na share hawaye.

Ki gaishe min da maigidanki Malam Yahuza, da Hajjo da yaranta. Matata Tabawa da Raishatu suna gaishe ki, sun ce ki taya mu addu'ar sauka lafiya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki,
Ila maƙeri