Kibiya Ɗaya, Hannu Biyu

Dumega, farkon damina

Zuwa ga aminina Inusa,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan ciwon gwiwar nan ya sake ka. Yaya zafin Yamai? Mu dai muna nan yadda ka bar mu.

Ka tambayi aikina. Har yanzu ni ne sakataren ƙungiyar manoman nan. Ni da malamanmu na makarantar lise suka ce zan zama injiniya, ga ni da furfura ina rubuta sunayen masu neman irin wake. Yanzu an karɓe mana manyan littattafai. An ajiye wata babbar na'ura can Yamai, kowane biro, wato ofis, kuma an ba shi ordinatar, kwamfuta ke nan. Ba a cikin tamu muke aiki ba, hoton allon waccan ake turo mana ta rezo, hanyar intanet. Ka san rezon Dumega. Hoton yakan sauko daga sama, layi bayan layi. In na motsa kibiyar da ake nuni da ita, sai na gama kurɓar shayi take isa inda na aike ta.

Injiniyan da ya haɗa abin ƙofa ɗaya ya buɗe wa biro biyu, namu da na Sukukutane. Allo ɗaya muke gani, kibiya ɗaya muke ja. Direkta kuma ya ce bayan damina zai rufe kujera ɗaya, ta wanda aikinsa ya fi ƙaranci.

Sakatariyar Sukukutane ita ce Barira, matar yaron nan nawa na fari. Ka gane sauran.

Ka gaida Zubaida da jikoki.

Naka,
Shu'aibu

Dumega, tsakiyar damina

Inusa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi muku ruwa mai yawa, Allah ya sa bai taɓa gida ba.

Ka ce mu raba lokaci ta waya, ita safe ni yamma. Yamai ta mantar da kai gida. Tun da aka kawo yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ni ma ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba. Yaya zan buga mata in tambaye ta ko ta gama? Mijinta yana Agadas wurin aiki. Wutar sola kuma da hantsi kawai take riƙe na'urorin, nan da can.

Ga yadda muke yi. In na shiga na ga kibiya tana motsi, sai in janye hannu, don ba zan ƙwace wa surukata aiki ba. Amma abin da nake gani ya riga ya wuce. Kafin hoton ya iso ni, ita ta ga alamar na shigo ta janye nata. Sai mu zauna, ni a nan ita a can, muna kallon kibiya a tsaye, kowa yana jiran ɗan'uwansa. In na gaji na taɓa, ita ma lokacin ta gaji ta taɓa, sai mu sake saki tare. Manoma suna zaune a gindin itacen bedi har azahar.

Na sa matata Lantana, uwar yaron, ta gaya mata ta riƙa farawa. Ta aiko wa uwar mijinta cewa ba za ta shiga gaban Baba ba. Na rubuta wa injiniya da Faransancin da kuke yaba mini a da, ya amsa da hoton babban yatsa.

Na gaji, Inusa. Ka yi mana addu'a.

Shu'aibu

Dumega, bayan girbi

Aminina,

Ina gaisuwa. Ya jikin, ya iyali? Ka yafe mini shirun.

Direkta ya kira mu Dogon Dutsi, ni da surukata, mu biyu a ɗaki ɗaya. Ta ƙi kujera, ta durƙusa bakin ƙofa. Ya nuna mana cewa na'urorinmu suna buɗe kullum amma aiki bai shiga ba, ya tambaya wa ke tare hanya. A hanya na shirya abin da zan faɗa, cewa ni tsoho ne, a sallame ni. Ina gyara murya ta riga ni. Ta ce ita ce ba ta iya ba, Baba yana ta jiranta. Direkta ya rubuta. Na ce ba haka ba ne, ya yi murmushi ya ce ya san halin dattawa. Na bi shi da takarda, bai amsa ba.

Yarinyar ta fi ni hannu nesa ba kusa ba. Na sha ganin yadda take cika shafi in rezo ya yi kirki.

An rufe biron Sukukutane, aikinsu ya dawo kaina. Ta kwaso kayanta da yara ta dawo gidana, tun da ba ta da abin zama a can. In ka san wanda ke neman sakatariya a Doso ko Yamai, ka taimake ni. Kowace safiya ita ke dama kunu, ta ajiye a bakin ƙofata, in sha in tafi aikinta.

Allah ya bar zumunci.

Abokinka,
Shu'aibu