Ɗakin Mma a Makon Akwaba

Suame, Litinin

Rashidatu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen Kwadaso masu dogayen katangu? Mu nan lafiya lau.

Na ba Brimah direban motar haya, torotoro, takardar nan ya kawo miki, tunda malamar kwamfuta ba ta ɗaukar waya. Magana ɗaya ce, kin kuma san ta. Sababbin ɗalibai sun cika Ayigya, duk inda ka duba akwati ne da bokiti. Kowane gida ya buɗe ƙofa, namu kaɗai ke da ɗaki a kulle. Tun rasuwar Mma kika sa kwaɗo kika tafi da makulli.

Ba kuɗin haya nake bi ba. Goggo Habsatu ita kaɗai ta rage a wancan ɓangaren gidan. Shekaranjiya ta zame a bakin famfo, sai da mai koko ta leƙo sannan aka ɗaga ta. Ina so a sa yarinya mai hankali a ɗakin, wadda za ta ji idan tsohuwa ta yi tari.

Ina da guduma, kin sani. Amma ba zan fasa ƙofar uwarmu ba. Ki aiko da makulli.

Yayanki,
Mutala

Kwadaso, Talata

Yaya Mutala,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, da Anti Adizatu da yara. A yi wa Goggo sannu. Na ba Brimah man zafi ya kai mata, na san ba shi ka nema ba.

Takardarka ta same ni a tsakiyar makon tarbar sababbin ɗalibai, wanda sashenmu ke kira Akwaba. Ni aka ɗora wa shi bana, saboda ni ce ban je taron raba aiki ba. Ka kwatanta babban zaure cike da yara cikin riguna kore iri ɗaya, kowa na warin sabuwar leda. Shugaban sashe ya gaya musu su ne za su gyara Afirka, suka tafa. Aka ɗauke wuta yana tsakiyar magana, suka sake tafawa, sun ɗauka ya gama. Daga nan aka yi wasan jefa ƙwallo, wanda ya cafe ya faɗi sunansa da burinsa. Duk wanda ya cafe zai kafa kamfani ne. Ban ji mai burin cin jarrabawa ba.

Da la'asar nawa rabon ya zo. Muna da al'ada a sashen: a jera matattun kwamfutoci a tebur, a ba yara sukundireba su kwance su ga ciki. Da ka gan su, ka ce yaran garejinka ne, sai dai waɗannan suna tsoron datti. Na ɗaga wani siririn allo na ce musu nan ne na'ura ke riƙe abin da take tunawa. Abin da aka zuba a ciki yoyo yake yi, dole ta yi ta komawa kansa tana sabunta shi. Da ta daina waiwayarsa, ya tafi.

Wata doguwar yarinya daga Bawku, Kausara, ta ɗaga hannu. "Madam, idan aka cire shi aka adana fa, ba mai taɓawa?"

Na ce to ai nan take zai manta. Ta rubuta. Duk abin da na faɗa rubutawa suke yi, abin har tsoro yake ba ni.

Kada ka ce komai, ni ma na ji abin da na faɗa. Amma ɗaki ba na'ura ba ne. Ba ka taɓa tambayata dalili ba, to ga shi. Ranar da na kulle, ɗakin ƙanshinta yake yi: turaren wuta, man kaɗanya, da citta. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. A nan, idan hadari ya haɗu na zauna a baranda, nakan buɗe ɗakin a raina in shiga. Tana bakin gado tana tsefe kai, haske na saukowa ta ramin kwano ya tsaya a gwiwarta. Ta ce, "'Yar boko, rufe mini ƙofa, kina shigo mini da iska." In rufe, in zauna har ruwa ya ɗauke. Na gasken kuwa, ranar da aka buɗe shi, ƙanshin zai fita ne gaba ɗaya.

Ka saya wa Goggo waya mai manyan lambobi.

Ƙanwarka,
Rashidatu

Suame, Laraba

Rashidatu,

Bayan gaisuwa. Goggo tana da waya. Tana cikin kwano a ƙarƙashin gado, wai kada ta lalace. Halin gida ne, ashe.

Na karanta abin da kika rubuta a bayan shago, don kada yara su ga fuskata. Ni ma ban iya cin tuwon kowa ba har yanzu.

Ga labari. Na leƙa Ayigya na tarar Goggo ta yi baƙuwa. Yarinya ce mai koriyar riga, wanda ya yi mata alkawarin masauki ya kashe wayarsa, ta yi ta bin gida gida da jakarta. Goggo ta shimfiɗa mata tabarma a baranda, daidai ƙofar Mma, don nata ɗakin kin san ko kaza ba ta juyawa. Ruwan jiya ya jiƙa mata littattafai. Sunanta Kausara. Tana ba Goggo labarin wata Madam a sashensu, wai ta iya karatu sosai paa, amma idan ta kalle ka sai ka ji kamar ka zo duniya ba da izini ba. Goggo ta ce Allah ya shirya ta. Ba ta gaya mata Madam 'yar gidan ce ba, ni ma haka.

Ban ce ki aiko da makulli ba wannan karon.

Yayanki,
Mutala

Kwadaso, Juma'a

Yaya,

Salama da gaisuwa. Yau jadawalin Akwaba ya ce "zagayen unguwa", wato in jagoranci jerin korayen riguna cikin Ayigya ina nuna musu inda ake buga takardu da inda wake da shinkafa ba ya ɓata ciki. Na nuna musu lungunan da na yi wasan ɓuya a ciki, suna ɗaukar hoto. A bakin masallaci na sallame su, na ce wa Kausara ta kai ni masaukinta. Duk hanya tana ba ni haƙuri, wai gidan tsoho ne, in kula da kwata.

Goggo tana barcin rana. Rigar yarinyar tana rataye a jikin kwaɗon, nan take shanya. Da ta ga na zaro makulli daga jaka, bakinta ya buɗe, bai sake rufuwa ba.

Yaya, babu komai. Warin danshi ne da kashin ƙadangare. Na shinshina filo, na shinshina mayafin da ke bayan ƙofa, kamar mara hankali, a gaban ɗalibata. Ban san yaushe ya tafi ba. Wataƙila tun damina ta farko, ina can Kwadaso ina gadinsa.

Kausara ta ce, "Madam, bari iska ta shiga." Kafin in hana, ta tura tagar katako. Ka tuna kukanta? Doguwar ƙara, sannan ƙwas a ƙarshe. Da ita gidan nan ke tashi kowace safiya muna yara, kuma ni na manta da ita sam, ba ta cikin ɗakin da nake buɗewa a raina.

Daga can ɗakinta Goggo ta yi magana cikin barci. "Lariya, kin tashi?"

Sunan Mma ta kira. Yarinyar ta dube ni, na dubi rufin kwano. Hasken nan yana nan, yana sauka a bakin gado.

Na ce ta share kawai. Makulli yana jakata har yanzu.

Rashidatu

Kwadaso, Lahadi

Yaya Mutala,

Ina gaishe ku duka. Jiya aka rufe Akwaba da kiɗa da jolof, ban je ba, Ayigya na koma. An ce Afirka tana nan yadda take.

Ga kwaɗo a hannun Brimah, ka sa a akwatin sifanoninka. Na ɗauki mayafi da matsefi, sauran ka zo ku duba da Goggo. Sharaɗi ɗaya na kafa wa Kausara: kada ta sa wa tagar mai. Ta nemi biro za ta rubuta, na ce wannan ta riƙe da ka.

Da zan tafi hadari ya taso. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta rasa yadda ake sallamar Madam. Na ce, "Rufe, kina shigo da iska." Ta rufe. Ina tsakar gida na ji ta zura sakata daga ciki.

Na fita na tari mota. Idan ka kira, zan ɗauka.

Ƙanwarka,
Rashidatu