Ba A Koya Mana Wanda Za Mu Katse Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Horar da Ma'aikata,
Hedikwatar Waya ta yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan Yallaɓai yana lafiya, da iyali, da jama'ar ofis baki ɗaya. Allah ya sa haka, amin.

Aikin farko yau Litinin: ƙara ruwa a batir na uku da na biyar. Na yi. Aiki na biyu shi ne sa hannu a takardar sallamar Malam Bawa daga aiki, wadda hedikwata ta aiko ta ce in mayar kafin Alhamis. Wannan ban yi ba, kuma dalilin da ya hana ni shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ne mai riƙon ofishin waya na Talata Mafara. Malam Bawa kuwa shi ne mai haɗa waya a ƙarƙashina. Ya girme ni, ya riga ni shiga aiki, saura shekara biyu ya kai fansho. Sau biyu na rubuto wa ofishinka ta hanyar da aka saba, ban ga amsa ba. Shi ya sa na fito da maganar fili, kuma mutanen Bakura ma suna da haƙƙin su ji ta. Na yi kwanaki ina jujjuya ko daidai ne ƙaramin ma'aikaci ya yi haka. Har yanzu ban tabbata ba.

1. Yadda aiki ya fi ƙarfinmu

Kafin a fara aikin madatsar Bakolori, ofishin nan wuri ne da mutum zai iya yin gyangyaɗi bayan azahar. Masu kira an san su: ofishin hakimi, asibiti, 'yan kasuwa ranar Talata. Da aikin madatsa ya zo, sai injiniyoyi, da 'yan kwangila, da direbobin manyan motoci, da banki, da masu neman diyyar gona, kowa da maganarsa kuma kowa tasa ce ta gaggawa. An ƙaro mana kayan aiki, ban musa ba. Amma layin da ke zuwa Bakura har yau guda ɗaya ne, na Maradun ma guda ɗaya, kuma duk wanda zai kira Bakura daga Maradun sai ya biyo ta kan allon haɗa waya na Malam Bawa.

Ni mai gyaran layi ne. Na iya hawa turken waya, na iya gano inda waya ta tsinke. Da shugabanmu na da ya sami canjin wuri, takarda kawai aka aiko mini cewa na zama mai riƙo. Mabuɗai na karɓa, da hatimi, da kujera. Ko awa ɗaya ba a zaunar da ni an koya mini yadda ake shugabantar ofis ba.

2. Zuwan jami'inka

Da damina ka aiko wani jami'i ya binciki irin horon da muke bukata. Na yi murna, har na sa aka share harabar. Ya iso bayan azahar, ya tashi kafin la'asar. Ya ba ni fom mai shafi huɗu: mutum nawa suka iya buga tafireta, nawa suka iya Turanci, wace na'ura ce ba mu san kanta ba, wa ke son zuwa kwas a Ikko. Na cike shi da gaskiya.

Da zai shiga mota na ce masa akwai abin da fom bai tambaya ba. Idan mutum biyu suna son layi ɗaya a lokaci ɗaya, wa za a ba, wa za a katse, kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci? Ya yi dariya, ba ta wulakanci ba, ya ce, “Malam, wannan ai hankali ne, ba a koyar da shi a aji.” Na rubuta maganarsa a littafina a ranar. Wakilin gidan waya na Bakura da na Maradun kuwa bai je wurinsu ba, wai su ba cikakkun ma'aikata ba ne.

3. Abin da ya faru ranar Juma'a

Ga shi kamar yadda yake a littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana.

Da ƙarfe sha biyu da kwata, wani dattijo na garin nan, wanda ba zan ambaci sunansa ba don ba shi da laifi, ya zo ya nemi Bakura. Amininsa ne ya rasu a can, shi kuma ƙafa ta hana shi tafiya. Malam Bawa ya haɗa shi. Yallaɓai ya san yadda gaisuwar mutuwa take a ƙasar nan. A Bakura wayar guda ce, a shagon wakili. Ƙanen mamaci ya karɓa, aka yi ya haƙuri, aka yi addu'a. Sannan aka je kiran babban ɗa. Sannan kawu. Kowa sai an fara da shi daga sallama.

Da sha biyu da minti ashirin da biyar, Maradun ta kira. Mutumin da ke kula da ƙofofin madatsa ne. Ya ce ruwan ƙarshen damina ya cika tafki, za su saki ruwa da yamma, a gaya wa Bakura a sanar a masallacin Juma'a, masu shinkafa a bakin gulbi su kwashe. Su sun yi nasu, sun kira da wuri.

Malam Bawa ya zare abin kunnensa gefe ɗaya, ya juyo ya dube ni. Ina tsaye a bayansa. Ya ce, “Malam, wanga ta'aziyya ce, Alhaji na tsakiyar addu'a. In katse shi?”

Yallaɓai, ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na dubi agogo, na ce a raina ai yanzu za su gama. Na dubi dattijon ta taga yana share hawaye da bakin rawani. Na koma teburina na ɗauki wata takarda da ba ta da wani muhimmanci. Malam Bawa ya ce wa Maradun su ɗan dakata.

Aka gama ta'aziyya ƙarfe ɗaya saura minti biyar. Muka kira Bakura nan take, wayar ta yi ta ƙara. Wakili ya ajiye ta ya kulle shago ya bi 'yan makoki masallaci, kuma ranar Juma'a ba ya komawa. Na nemi mota, ban samu ba sai bayan la'asar. Kafin saƙo ya isa, mutanen ƙauyuka sun watse, kuma masallaci ne kaɗai wurin da za a same su a haɗe. Wasu sun ji, sun kwashe. Wasu ba su ji ba. Da gari ya waye, shinkafar da aka yanka aka tara a fadama ta bi ruwa.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma na je na gani. Wani manomi, Malam Isa, ya nuna mini inda tarinsa yake da, babu komai sai laka. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, “Ku da kuke magana da Sakkwato kuna zaune, mu nan kusa ba ku iya gaya muna?”

4. Abin da na ɓoye

A rahoton da na aika hedikwata na rubuta cewa mai haɗa waya bai katse layi ba. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ban rubuta cewa ya tambaye ni ba. A kan wannan rahoto aka ba Malam Bawa takardar tuhuma, a kansa kwamitin da kake ciki ya yanke a sallame shi. Shi kuma a amsarsa bai ambace ni ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, “Kai kana da ƙananan ɗiya, Malam. Ni nawa sun tasa.” Tun ranar ban iya haɗa ido da shi da kyau ba, ga shi tebur ɗaya ne tsakaninmu.

Ba ina neman in jingina laifina a kan ofishinka ba ne. Mai yiwuwa wani a matsayina da ya ce a katse, ba tare da an koya masa ba. Mai yiwuwa jami'inka ya yi gaskiya, hankali ne, ni ne na gaza. Amma na duba duk takardun da ke cikin kabad ɗin ofishin nan, shafi bayan shafi. Akwai umarni a kan tsawon turke, akwai a kan yadda ake goge fulogi. Babu layi ɗaya da ya ce saƙon ruwa ya fi gaisuwa. Kuma mutumin da aka yi wa tarbiyya tun yana yaro cewa ba a katse babba, balle a bakin addu'a, ba zai yi haka ba sai yana da abin da zai dogara da shi, wanda gobe zai nuna wa dattijon da 'ya'yansa ya ce doka ce, ba raini ba. Idan kuka kori Malam Bawa kuka kawo wani ɗan ƙasar nan, ranar da irin wannan ta sake faruwa shi ma juyowa zai yi ya dubi shugabansa.

5. Roƙona

Na farko, a dakatar da sallamar Malam Bawa. Idan dole sai an tuhumi wani, a aiko da takardar da sunana. Shafin littafina na ranar yana nan, zan kawo shi.

Na biyu, a rubuto mana jerin kiran da ke gaba da kowane kira, da Hausa, a manna a bango inda masu zuwa za su gani, har da kalmomin da mai haɗa waya zai faɗa in zai katse mutum cikin mutunci.

Na uku, a sake binciken horon nan. Wanda za a aiko ya kwana biyu, ya zauna a bayan allo ranar Talata da ranar Juma'a, ya je Bakura da Maradun ya ga wakilai. Kwas ɗin Ikko a kan sabuwar na'ura yana da kyau, amma mu da aka ɗora a kujera muna bukatar a koya mana yanke hukunci, da tsara wanda zai tsare waya idan kowa ya tafi masallaci, da rubuta rahoto na gaskiya ko da ya taɓa mai rubutawa.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ya sa ka gama aiki lafiya, ya tsare ka da sa hannu a kan abin da za ka yi nadama. Idan na yi kuskuren lafazi, a gafarce ni.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Shehu, mai riƙon ofishin waya, Talata Mafara.

Abin da ya rage na gobe Talata:
– Turken da ya karkata a hanyar Morai, ba a miƙe shi ba.
– Roƙon wakilin Bakura ya bar mabuɗin shago wurin maƙwabcinsa ranar Juma'a.
– Kwashe kayana na kaina daga aljihun tebur, ko da za a bukaci kujerar.
– Gaya wa Malam Bawa da bakina cewa na rubuta wannan wasiƙa, kafin ya ji a bakin wani.