Yaya da Ƙofofin Mutane

Litinin, 9 ga Yuni

Mun sauka a ƙasar waje, yawon buɗe ido. Tagar ɗakin su Yaya da matarsa tana kallon kwari, tawa tana kallon bangon wani gida. Na ajiye jakata. Wanda aka ɗauko kyauta ba ya zaɓen taga.

Har yanzu ban san abin da ya kai ni biyo su ba. 'Yata ce ta matsa: "Mama, ki je mana, Kawu ne fa ya kira da kansa." Da kansa! Tun da ya sa aka rushe gidan Baba, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma sai in an yi rasuwa.

Talata, 10 ga Yuni

Ƙauyen farko. Mota ta zube mu a bakin wata tsohuwar gada, mai yi mana jagora ta ɗaga lema ja, muka bi ta kamar tumaki. Lunguna matsattsu, duwatsun ƙasa sun sha ƙafa har suna sheƙi. Da kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Yaya kuwa ƙofofi ya sa a gaba. Duk wadda ya gani sai ya tsaya, ya ja baya, ya ɗauki hoto. Wata har shafa ta ya yi. Sai ya juyo yana cewa, "Auta, dubi yadda mutane ke riƙe abin iyayensu!"

Wallahi sai da na kalle shi in ga ko zolaya ce. Ba zolaya ba ce.

Tamu ƙofar fa? Mai ƙusoshin ƙarfe, wadda ke kuka in an tura ta, har Inna ta gane wanda ya shigo daga yadda ta yi ƙara. Ban ma san inda aka jefar da ita ba. A hoto na ga aikin, wata ƙawata ta turo mini tana tambaya ko na sani. Yanzu shaguna ne a jere. Inda ɗakin Inna yake, ana gyaran waya.

Laraba, 11 ga Yuni

Wani ƙauye. Wasu ƙofofi. Anti, matar Yaya, ta sayi ƙaramin gidan roba na liƙawa a firji.

Alhamis, 12 ga Yuni

Yau na ga mutum ɗaya mai hankali. Wata tsohuwa ce tana shanya a saman bene, zanin gado da safa. Mutanen motarmu suka yi mata caa da wayoyi. Anti har da ɗaga mata hannu wai ta yi murmushi. Tsohuwar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe kayanta a jiƙe, ta buga taga. Raina ya yi fari.

Mai lema ta ce tsofaffi 'yan kaɗan suka rage a garin, 'ya'yansu duk sun tafi birni, gidajen baƙi ake ba haya. Shi ya sa ba kukan yaro, ba hayaƙin girki. Furanni a kowace taga, ba mai leƙowa.

Ban so na lura da wannan ba. Ya ɓata mini hujja.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na fasa ƙwan.

Muna zaune a wani tsohon gidan niƙa da aka mayar wurin shan shayi, ruwa na juya katon dabaran katako a waje. Yaya ya ɗaga kai yana kallon rufi, ya ce irin wannan itacen ba ya mutuwa. Na ce, "Sai dai in an kashe shi." Ya ce me nake nufi. Sai bakina ya ɓalle. Na ce ya biya kuɗin jirgi ya zo yana lasar bangon kakannin wasu, nasa kuwa ya kira motar rusau ta kwantar da shi cikin yini guda. Na ce ko shawara bai yi da ni ba, kamar ba ciki ɗaya muka fito ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Anti tana ta "Dan Allah, mutane na kallo." Su kalla mana, ai kallo suka zo yi.

Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi ƙona ni. Ya juya cokali a kofi ya ce, "Auta, damina nawa kika kwana a gidan nan bayan aurenki? Ni na jera robobi kewaye da gadon Baba. Ke gidan da kike tunawa ba ya yoyo."

Na tashi na koma mota. Direba yana barci, na zauna ni kaɗai ina kallon bayan kujera.

Ai ina zuwa. Duk shekara ina zuwa. In na zo kuma ba a gidan nake kwana ba, saboda yara, saboda sauro. Wannan ba ya nufin...

Asabar, 14 ga Yuni

Ban fita ba. Na ce kaina ke ciwo.

Da la'asar Anti ta shigo da lemo biyu a hannu, ta zauna bakin gado ba a ce ta zauna ba. Ta ɓare ɗaya tana magana ba ta kallona. Wai bayan rasuwar Baba bangon baya ya faɗi da safe, saura ƙiris ya danne 'yar maƙwabta tana wanke-wanke. Ƙafar yarinyar ta karye. Yaya ne ya yi ta jigilar asibiti, shi ya sha zagin uban.

Na ce me ya hana shi gaya mini. Ta ce, "Ke kin san gidanku. Kun gwammace a zarge ku da a tausaya muku."

Ba ta da hurumin faɗin haka. Amma lemon da zaƙi.

Ko bango goma ne suka faɗi, waya ba ta faɗi ba. Da ya kira ni. Ko ƙusa ɗaya da na cire na adana.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ƙauyen ƙarshe a kan tudu yake, matakala har wuya. An yi yayyafi tun safe. Mai lema ta ce daga sama ana hango ƙasa har iyakar ido, kowa ya zabura, Anti a gaba.

Na waiga a tsakiyar hanya na ga Yaya can ƙasa, ya dafa bango, yana yi kamar takalminsa yake dubawa. Yaushe ƙeyarsa ta yi fari haka? Wannan ne mutumin da ke goya ni mu tsallake kwata in za mu makaranta?

Na sauko. Ya ce, "Je ki, kar ki rasa." Na ce na gaji da kallo daga sama.

Muka zauna a dakalin wani gida, ruwa na ɗiga daga indararo a tsakaninmu. Can ya ce, yana kallon ƙafarsa, "Na ɗauki wayar sau da yawa."

Na ce, "Ɗauka ba kira ba ce."

Ya ce, "Haka ne."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ce na yafe ba, kuma ban yafe ɗin ba. Da za mu sauka na riƙe masa hannu har bakin mota, amma wannan don duwatsun suna da santsi ne.