Garwa Biyu a Sanda Ɗaya

Zuwa ga mahaifina, Malam Idrisu mai ruwa,

Assalamu alaika wa rahmatullah. Ina gaishe ka irin gaisuwar da ka saba ji daga bakina kowace safiya, da fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji, kai da Inna. Binta ce. Ka san ni ba mai kai ƙara ba ce, ko lokacin da Yaya Usman yake cinye mini rabona na burodi ban taɓa zuwa gabanka ba. Yau dai ƙararsa na kawo, kuma kafin in gama za ka ji da tawa a ciki.

Wata biyu da suka wuce ya zo ɗakina a unguwar Bani Malik, nan Jidda. Rabon da ya tako ƙofata tun zaman makokin Inna. Ɗanka ya zama babban mutum, Baba. Ya samu takardar ɗan ƙasa, yana aikin ofis, Abu Faisal ake ce masa, ni kuwa har yau iƙama, takardar zaman baƙi, nake sabuntawa. Ya ɗosana a bakin katifa yana tattare farar rigarsa. Ya ce za a yi bikin tunawa da mutanen farko da suka raya Jidda, a fili cikin Balad, tsohon gari, kuma ana neman tsofaffin kayan sana'a. Ya ce, "Ki ba ni sandar Baba, ya ukhti. Wallahi sunansa za a rubuta, kowa ya karanta."

Sandarka ta ɗaukar ruwa yake nufi. Shekara ashirin da ɗoriya tana rataye a saman ƙofata. Sau uku ina tashi daga gidan haya, na bar tukwane, na bar gado, ban bar ta ba. Amma da na ji batun sunanka sai na taka kujera na sauko da ita, na goge, na haɗa masa da garwa biyun. Har shayi na dafa masa don murna. Dubi wautata.

Ranar Alhamis na sa abayata ta zuwa biki na hau bas. Gaskiya an yi ƙoƙari. An kafa rumfuna a tsakanin tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako da kake hawa har bene na huɗu da ruwa a kafaɗa. Ga mai gina tulu, ga mai saƙar koma, ga tsofaffin masunta suna tafi suna waƙar teku. Na sayi balila na ci a tsaye, na kora da sobiya mai sanyi. Duk da gumin Jidda da ka sani, raina fari tas.

Har da wani ƙato da aka sa ya kwaikwayi mai ruwa, yana sassarfa da garwa babu komai a ciki, ana ɗaukarsa hoto. Sai da na yi dariya. Wanda ya taɓa ɗaukar ruwa ba ya tafiya haka. Na tuna takunka gajere gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe don kada ya fantsama, da yadda kake ɗaga murya a gindin matakala, "Ɗariƙ, ya ahlal bait," mata su kauce. Na tuna kantar da ke kafaɗarka ta dama, wadda Inna take shafa wa man zaitun.

Bayan la'asar na gano rumfar. Tun daga nesa na gane sandarka, saboda tsumman da ke naɗe a tsakiyarta. Daga tsohon zanen Inna na yago shi, ni na ɗinke shi ina 'yar shekara goma, ɗinkin ma duk a karkace. Na matsa, na duƙa kan takardar da aka jingina.

Babu sunanka, Baba. Sunansa ne da manyan baƙaƙe: kyauta daga Ustaz Abu Faisal. A ƙasa kuma an rubuta cewa sandar wani baƙon lebura ce da ya yi wa gidan kakanninsa hidima.

Sau uku na karanta. Kai da ka tako daga Gumel da ƙafa, ka yi shekaru a Sudan kana noma wa mutane auduga kafin ka ga teku, kai da ruwan da ka ɗauka ya sa shi a makaranta, ka zama leburan gidansu. Wane gida? Ɗakin kwano ɗaya da muke kwana mu huɗu?

Ina nan tsaye sai ga shi da ayari: wani dattijo da matarsa, da wata budurwa. Budurwar, ban ganta ba tun tana goye, amma ba sai an gaya mini ba. Rim ce, jikarka. Goshinka ne sak, har da 'yar wushiryar. Da ya hango ni fuskarsa ta canza. Ya sako murya irin ta masu ba da sadaka, "Ahlan ya hajja, tafaddali." Sannan ya raɓo kusa, ya yi Hausar da ya daɗe da binnewa, ƙasa ƙasa: "Rufa mini asiri, Binta. Iyayen wanda zai auri Rim ne. Halas, zan zo gida mu yi magana."

Wallahi na yi niyyar juyawa in tafi. Sai yarinyar ta ga hannuna a kan tsumman, ta tambaye ni da Larabci, cikin ladabin da ake yi wa kowace babbar mace, "Ya khala, kin san mai sandar nan?"

Na ce na san shi. Na ce sunansa Idrisu, mutumin Gumel, ya shayar da rabin unguwar nan, ba a taɓa jin ya ɗaga ido ya kalli matar wani ba. Ta ce, "Masha Allah. Ya bar 'ya'ya?"

Na kalli Yaya Usman. Yana kallon takalminsa. Na jira shi, Baba, Allah ne shaidata na jira. Da bai ɗago ba sai na ce, "'Ya ɗaya ya bari."

Na kwance tsumman na sa a jaka, ba wanda ya hana ni. Na bar musu sandar.

Ya ci amanata, kuma ya ci taka, wannan ba zan ɓoye ba, har yanzu ƙirjina zafi yake. Amma a cikin bas wata magana ta dawo mini. Ka tuna yadda ka raɗa wa garwan nan suna? Kana cewa, "Ta gaba Usman ce, ta baya Binta. In na sauke ɗaya, ɗayar sai ta kayar da ni." Duk tsawon rayuwarka ba ka sauke ko ɗaya ba. Shi ya cire ka daga uba, ni kuma a bainar jama'a na sauke maka ɗa.

Bai zo gida ba, ni ma ban neme shi ba. Tsumman yana ƙarƙashin matashina, ƙusar da ke saman ƙofa kuma na kasa cire ta.

Ka yafe mini, Babana. Shi ma ka yafe masa, don ni ban kai nan ba tukuna. Allah ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa yadda ka shayar da bayinsa, ya sanyaya kafaɗar nan, ya sa wata rana Rim ta san goshin wa take ɗauke da shi. Amin.

Taka har kullum,
Binta, garwar baya.