Sallamar da Sani Bai Amsa Ba

Suleja, Asabar 15 ga Maris, 1997, bayan sallar isha'i.

Yau na je Abuja kallon gasar golf da aka shirya domin taimakon marayu. Ba wasan ne ya kai ni ba. Na je ne in ga Alhaji Sani, wanda muka koyar tare a firamare, rabona da shi shekara goma sha biyu. Shi ya aiko mini da katin gayyata.

Na hango shi ya sunkuya a kan ƙwallo, sanda a hannu, jama'a sun yi tsit. Ban san cewa ba a magana idan mutum zai buga ba. Na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum, Sani ɗan Malam!" Hannunsa ya goce, ƙwallo ta wuce ramin. Wani ma'aikaci ya ce, "Baba, don Allah a yi shiru." Sani ya dube ni, ya gane ni sarai, ya kau da kai.

Na zauna gindin bishiya har la'asar. Da ya zo wucewa da baƙinsa ya ce, "Malam Isa, ka iso? Direbana zai kai ka tasha." Kuskuren nawa ne, na yarda. Amma amsa sallama ba ta da nauyi.

Da na dawo, matata Hajiya ta tambaye ni labarinsa. Na ce yana lafiya, yana gaishe ta. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai yau.